Waƙar Ƙarshe a Faifan Ƙanena

A shekarun da Arlit ke cika tana batsewa, maigidana makanike ne a garejin kamfanin ma'adinai, aikinsa daidaita ƙafafun manyan motoci. Sanyin halinsa har haushi yake ba ni, don ni ba a haife ni da haƙuri ba.

Mun sayi garmaho a hannun wani Bature mai komawa gida. Ana nan sai ga faifai daga Abijan. Ƙanena, da ya shekara shida bai leƙo gida ba, ya shiga ƙungiyar makaɗa, an ba shi waƙa ɗaya, ta ƙarshe, can kusa da tsakiyar faifan. Waƙoƙin farko garau suke fita. Da allura ta kai tasa, sai muryar ta dagule kamar ana suyar ƙosai. Ga Inna ta taso daga Tawa, kuma na san ba ni ta yi marmari ba, ɗanta take son ji.

Na ɗauko noti zan ɗora wa allurar don ta danne sosai. Maigida ya riƙe hannuna.

"Haba, uwargida, cinye faifan za ki yi! Kan allurar ne ya karkace. A baki-baki ba ya nunawa, sai an shiga ciki inda zanen ya matse."

Ya zana layuka a takarda, ya huda ta, ya zura a tsinken tsakiyar garmahon don ya auna karkatar allurar. Ya ari madubin kwalliyata yana leƙen ƙarƙashin allurar. Ya sassauta kusoshi biyu da ƙaramin turnabis, ya taɓa kan kaɗan, ya ɗaure, ya saurara, ya sake kwancewa. Yini biyu na hutunsa! Na yi mita har bakina ya bushe. Gaskiya tsoro nake ji, kada tsohuwa ta sha wannan doguwar hanya a banza.

Inna ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta ce a sa. Muryar yaron ta fito tas, har jan numfashinsa ana ji. Ni da maigida muna ta murmushi, muna jiran yabo. Ta karkata kai ta saurara har allura ta ƙure, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"Shi na. Amma mura gare shi ranar nan," in ji ta. "Wa ka dama mishi kunu can?"