Nonon da Ba a Zubarwa

Shekarar da Turawa suka fasa wani bam can cikin hamada, nonona ake rububi a kasuwar Getso. Sai duba-gari ya zo ya ce gubar bam ɗin tana bin iska, ba a ganinta. Takan sauka kan ciyawa, saniya ta ci, ta fito a nono.

Ya ce mini, "Ba da gangan suka yi ba, baiwar Allah. Iska ce ta kwaso."

Na ce, "Malam, saniya ma ba da gangan take faɗawa gonar gyaɗa ba, amma mu dagaci yake kira."

Ranar ko ludayi ɗaya ban sayar ba. To, a gidanmu ba a zubar da nono a ƙasa, tun kakanni. 'Ya'yana kuwa ba zan ba su ba. In na ƙi tatsa, hantsar saniya ta kumbura.

Sai na riƙa shiga ɗaki ina sha ni kaɗai, ina sauraron cikina. Har yau ba wanda ya dawo ya ce mini gubar ta wuce.