Buhu Talatin da Shida na Malam Adamu

Har yau ban manta da ranar da muka binne Malam Adamu mai amalanken jaki ba. Abin da nake bin sa a ranar buhun sukari talatin da shida ne, kusan rabin abin da ke cikin sitona a Kasuwar Umdurman. Ku da kuka zo shagon nan daga baya ba ku san shi ba, don haka bari in fara daga tushe.

Malam Adamu ɗan gonakin audugar Jazira ne da ya dawo birni ya zauna a unguwar Dar Salam. Shekara goma sha biyar yana ɗaukar mini kaya, ban taɓa ƙirga buhu a bayansa ba. Da ɗansa Mu'awiya ya sami gurbin karatun likitan dabbobi, irin gurbin da ake biyan kuɗi, sai ya zo wurina.

Ga yadda muke ba da rance a lokacin. Jine, wato kuɗinmu na Sudan, kullum zubewa yake, wanda ya ranta maka dubu bana, baɗi darajar ɗari zai karɓa. Saboda haka ba ma rubuta kuɗi, kaya muke rubutawa. In ka zo neman kuɗin makaranta, sai in ranta maka buhu bakwai ko takwas, in sayar maka da su a farashin ranar, in miƙa maka kuɗin. Ranar biya buhu za ka mayar. Na tambayi malamai, sun ce babu riba a ciki, sukari ka bayar sukari ka karɓa. Haka muka yi shekara biyar, kuma a ta biyar ɗin Allah ya karɓi ransa, wata biyu kafin yaron ya gama.

A maƙabarta, kafin a yi masa salla, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba: akwai mai bin mamacin bashi? Mutanen Dar Salam duk sun san zancen. Na ji idanu a kaina. Kalma biyu ce, na yafe, kuma ta zo mini har baki. Amma a makon nan dillalina na kasuwar Suk al-Shabi yana matsa mini kan kuɗin lodi biyu, sai na tsaya ina lissafi a zuci. Ina cikin lissafin Mu'awiya ya matso gaba.

Ya nuna ni ya ce, "Bashin Haj Idris yana wuyana. Don ni aka ci shi. A sallaci mahaifina."

Liman ya ce jama'a sun shaida, aka tayar da kabbara.

Ya gama karatu, ya yi shekarar hidimar ƙasa ba ko sisin kirki, sannan aka ɗauke shi aiki a wani ofishin duba dabbobi. Albashinsa na wata bai kai buhu biyu ba, ga uwa ga ƙanne mata uku. Duk ƙarshen wata yana zuwa da kuɗin rabin buhu a aljihun rigarsa ta aiki. Sau da yawa kafin ya iso farashi ya motsa, rabin ya koma sulusi. Sai in ga ya tsaya yana kallon allon farashi. Cikin wata ashirin buhu bakwai ya rage.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya shigo da jaka a kafaɗa.

"Kawu, na ajiye aikin. Gobe zan bi motar arewa, wurin haƙar zinariya."

Na ce, "Kai, likita guda cikin rami? Zauna tukuna." Na aika a kawo shayi, na buɗe littafi. "Ashirin da tara suka rage. Na soke goma sha biyar. Sauran ka biya sannu a hankali, ko shekara goma ce."

Ya yi ɗan murmushi. "Da a maƙabarta ka faɗa, Kawu, da na sumbaci kanka. Yanzu na riga na ɗauka a gaban mutane. In na koma unguwa na ce an rage mini, cewa za a yi ɗan Adamu ya je ya yi roƙo."

"Wa zai sani? Ni da kai ne."

"Ni zan sani. Kuma ko sha huɗun ne, da albashin nan sai na yi furfura."

Ko shayin bai sha ba. Na ba shi kuɗin mota, ya ce in rubuta. Ban rubuta ba.

Shekara biyu da rabi yana turo kuɗi ta waya, wani lokaci na buhu uku a haɗe, wani lokaci shiru wata huɗu. Ranar da na ƙarshe ya shigo na ja layi a kan sunan mahaifinsa, na kira shi na gaya masa. Alhamdu lillahi kawai ya ce, tari ya hana shi ƙarasawa. Da ya dawo na ga hannunsa yana rawa, saboda ruwan zaiba da suke wanke zinariya da shi. Mai irin wannan hannu ba ya yi wa saniya allura. Raksha yake ja, keke mai ƙafa uku, har yaƙi ya watsa mu. Na ji yana garin Madani, daga baya aka ce Kasala.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu koyon sana'ar nan: bashin karatu ba irin na mai kanti ba ne. Mai kanti ya karɓi kaya ya sayar ya kawo. Ɗalibi kuwa abin da ya saya takarda ce, kuma a ƙasar nan takarda tana bin jine ƙasa yayin da buhu ke hawa. Kuma yafiya lokacinta gajere ne, in ya wuce ko ka miƙa ba mai karɓa.

Na karɓi buhuna talatin da shida cif, ban yi asarar ko cokali ba. Sito kuwa an fasa shi a makon farko na yaƙi, an kwashe har da ma'auni. Dar Salam ta yi shekara biyar tana jiran likitanta na farko, ta samu na wata ashirin.