Gawon da Ke Bayan Aji Shida

Karatuna na boko bai kai a kira shi karatu ba. Wata biyar na yi a ajin yaƙi da jahilci, a zauren mai unguwa, rabin watannin kuma ina can baya ina kwaikwayon tafiyar malamin. Abin da na tsira da shi ke nan, wannan rubutu mai kama da sawun kaji. Ilmina na gaske a ƙotar gatari yake. Tun ina saurayi nake saran itatuwa tsakanin Rurum da Yalwa, in sassaƙa turmi, in ƙona gawayi, in cika wa masu gidan burodi mota. Idan ka bi hanyar nan yau ka rasa inuwar da za ka tsaya ka gyara babur, to ka gaishe ni, da hannuna a ciki.

Ina da jika mace, 'yar babban ɗana. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Inna. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaukata ɗa na kirki ba. Tsoho mai cinye tuwon mutane, sunana ke nan a bakinta. Ta ɓoye mini hula, ni kuma in cinye mata gyaɗa in ce ɓera ne. Irin wasan nan dai na kaka da jika, sai dai namu ya fi na kowa zafi a unguwar.

Tana aji uku wani malami ɗan garinmu ya kafa wa yaran firamare ƙungiyar dashen itatuwa. Kowane yaro zai raini bishiya ɗaya a filin makaranta har ya gama aji shida. Malamin ya san ni, ya san aikina, shi ya sa ya aiko in zo in gaya wa yara sunayen itatuwan da. Na sa babbar riga na je. Na jera musu kirya, marke, ɗinya, kanya, taura, gawo. Wani ya ɗaga hannu ya tambaya ina za su je su gan su. Na ce ai sun riga sun cinye su a cikin burodi. Ajin ya ɗauki dariya har da malamin. Inna ce kaɗai ba ta yi ba.

Da yamma ta zo ta ajiye mini baƙar leda cike da ƙasa. Ta ce an raba wa kowa darbejiya da turare, ita ba ta so. Ɗaya daga cikin waɗanda na kashe take so, kuma ni zan nemo.

Na zaɓi gawo don shi na fi zalunta. Ƙwayarsa tauri gare ta, idan ka binne ta haka nan sai ta yi ta barci a ƙasa, amma idan ta bi ta cikin akuya ta fito, sai ta tsiro. Na hau acaba har wata ruga wajen Durba, inda wani tsohon abokina Bafillace yake da garke, kuma da sauran gawo biyu a bakin rafinsu. Na tsuguna a turken awakinsa ina murtsuke kashi da yatsu ina tsintar ƙwaya. Ya tsaya a kaina da sanda, ya ce da ma ya san ƙarshena ke nan.

Uku suka tsiro, ɗaya ya rayu. Muka dasa shi a bayan ajin ƙarshe, muka kewaye shi da ƙayar magarya. Da rani kullum sai Inna ta tafi makaranta da galan ɗin ruwa, har ranakun hutu. Na gaya mata halin gawo tun ranar farko: ɗan tawaye ne. Da damina, kowa ya yi ganye, shi sai ya tuɓe tsirara kamar matacce. Da rani, kowa ya bushe, shi sai ya yi kore shar. Ta ce to ya yi gadon wanda ya nemo shi. Shekara biyun farko yana ƙarami bai zubar da ganyen duka ba. A ta uku ya wuce Inna tsawo, ya fara nuna halin gidansu.

A wannan shekarar aka yi wa malaminmu canjin wurin aiki, aka kawo wani saurayi daga birni. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne, kuma ba rago ba ne. Shi ma ya gayyace ni aji. Na ba da labarin cikin akuya, ina jiran a yaba. Sai ya yi murmushi ya ce wa yara wannan dabarar mutanen da ce, a littafi ruwan zafi ake jiƙa iri da shi, ba sai an wahalar da Baba a turken awaki ba. Yara suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Amma ni na saba ni ne mai sa a yi dariya, ba wanda ake yi wa ba. Na haɗiye na fito, abin ya tsaya mini a rai wata da watanni.

Damina ta kankama, zangon ƙarshe ya zo ƙarewa. Aka ce ranar Litinin baƙi za su zo daga ƙaramar hukuma su duba itatuwan yara. Ranar Alhamis na dawo daga gona na bi ta makarantar, yara sun tashi. Na tarar da malamin shi kaɗai da gwangwanin jan fenti, yana shafa wa duk bishiyar da ta mutu alama don a cire a sa sabuwa. Yana tsaye a gaban gawon Inna. Ba ganye ko ɗaya, sai farar ƙaya.

Ya gaishe ni har da risinawa. Ya ce, "Baba, kai ka san itatuwa. Wannan ma ya mutu ko?"

Na dubi gawon. Da na sa farce na kankare ɓawon, da ya ga kore a ciki, magana ta ƙare. Sai na ce, "Ai Malam, ku ne masu littafi."

Ya ce haka ne, abin tausayi. Ya shafa fentin.

Ga abin da ke raina, don kada a ce na ɓoye. Na shirya ranar Litinin in zo da babbar riga, in bari ya gama yi wa baƙi bayanin mataccen itace, sannan in matso in kankare ɓawon a gaban kowa. Har maganar da zan faɗa na tsara a hanya, ina dariya ni kaɗai. Lissafina shi ne gobe Juma'a, rabin wuni ake yi, kuma saiwar gawo zurfi take yi, hannun ɗan birni ba zai iya da ita ba. Na ɗauka fenti ne kawai za a nuna wa baƙi. Ban gaya wa Inna komai ba, don kada ta ɓata mini wasan.

Washegari kafin a tafi masallaci ina zaune a zaure ina gyara ƙotar fartanya, sai ga ta ta shigo, hijabinta duk jar ƙasa. Tana jan gawon a bayanta. Ta ajiye shi a gabana. Saiwar ta kai tsawon hannuna, an datse ta da diga, wurin saran fari fat, ɗanye, yana fitar da ruwa. Na sha ganin irin wannan saran, ni nake yin sa. Ban taɓa ganin sa ya ba ni tsoro ba sai ranar.

Daga baya na ji yadda aka yi. Malamin ya aro diga da shebur, ya raba wa manyan yara. Inna ta tsaya a gaban shingen ta ce gawo haka yake yi da damina, da ransa. Malamin ya lallashe ta, ya ce shi ma bai so ba, amma jiya ya tambayi kakanta da kansa, kuma bai ce da rai ba. Jin haka sai ta matsa gefe. Da an ce littafi ne ya faɗa, da ta yi gardama har a kira hedimasta. Amma an ce ni ne.

Ta ce, "Kaka, Malam ya tambaye ka?"

Ban taɓa jin ta kira ni Kaka ba. Na ce ya tambaye ni.

"Me ka ce masa?"

Na faɗa mata. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kaɗe hijabinta ta shiga gida.

Ranar Litinin ban je ba. An ce baƙi sun yaba, an tafa wa yara. A ramin gawon an sa ɗan turare. Bayan kwana biyu malamin ya zo har gida, wani dattijo ya yi masa bayani. Ya durƙusa yana ba ni haƙuri, wai laifinsa ne da bai fahimci maganata ba, ya ɗauka alkunya nake yi. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Na ce ya tashi, babu komai, na bar shi ya tafi da laifin da ba nasa ba.

Gawo wani lokaci yakan toho daga saiwar da ta rage a ƙasa. Duk wannan ranin ina zagayawa bayan ajin kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya. Sau ɗaya na ga ɗan tsiro a gefen ramin. Amma an riga an kwashe ƙayar an kewaye turaren da ita. Kafin in dawo da sabuwar ƙaya awaki sun riga ni.

Inna tana makarantar kwana yanzu. Idan ta zo hutu takan shigo zaure ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta kawo mini ruwa. Kowa na cewa yarinyar ta yi hankali. Nakan ajiye hulata a bakin tabarma, inda hannu zai kai, in juya baya kamar ina neman wani abu. In na waiwayo hular tana nan.

Na koma rugar nan bara. Abokina ya rasu, ɗansa ne ya bar ni na shiga turken. Ƙwayoyin gawon da na tsinto suna cikin gwangwanin madara a kan taga. Na nuna mata sau ɗaya. Ta duba, ta ce Allah ya sa su tsiro, ta miƙo mini abina.