Babban Yatsan Kawu

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka zo da sanarwa cewa duk mai gadi sai ya shiga ƙarƙashin kamfani mai lasisi, a ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, a ba shi kati. Kawuna, yayan mahaifiyata, tun ban yi wayo ba yake gadin rumbunan albasa a Aliero, ko buhu ɗaya bai taɓa salwanta a hannunsa ba. In babu katin nan, aikin ya tafi. Ni na raka shi Jega, tunda ni ke da boko a gidan.

Ofishin kamfanin shago ne guda, tebur da benci. Jami'in gwamnati da aka turo sa ido yana zaune, baki cike da goro, yana tofarwa gefen ƙafarsa. Kawu ya taɓa tawada ya dangwala. Baƙi ƙirin, babu zane ko ɗaya. Igiyar gugan ban ruwa ta cinye masa zanen yatsu tun yana saurayi. Sau uku ya gwada, har da na hagu.

"Doka ta ce sai zane ya fito," in ji jami'in, ko kai bai ɗago ba.

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, yatsa ka gadi ko mutum?"

Manajan kamfanin, wai shi mai taimako, ya leƙa waje ya kira wani mazaunin bakin tasha ya ara wa Kawu yatsa. Ina ganin mutumin na gane shi. Sau biyu Kawu na kama shi da buhun albasa a ka, yana sakinsa don darajar tsohuwarsa. Yatsansa kuwa, da bai san fartanya ba, ya fito tsaf.

Jami'in ya duba ya ce, "Shi ke nan. Mai yatsa shi ke da kati."

Na fara bayanin cewa mutumin ɓarawo ne, ya katse ni: an taɓa kai shi kotu? Ba a taɓa ba. Tausayin Kawu ya wanke shi tas. Ina tsaye kamar sakarai aka ba shi katin, kuma har yau in na tuna sai in ji haushinsu da na kaina.

Bayan kwana uku na raka Kawu kwaso tabarmarsa da butarsa. Mutumin na tsaye a ƙofar rumbunan, da kaki, da usur a wuya. Ya miƙo hannu.

"Baba, ina katinka? Ba a shiga wurin ga sai da kati."