Damin Baƙo a Gindin Gawo

Gonarmu tana arewa da gari, ba nisa da Kongolam. A ƙarshenta akwai gawo, kusa da gawon kuma akwai turken ƙarfe da Nasara suka kafa. Ka tsallake shi ka shiga Faranshi, kamar yadda muke cewa tun kafin a koma cewa Nijar. Kowace kaka, damin gero na farko da aka ɗaure ba ya shiga rumbu. Gindin gawon ake kai shi a jingine, duk matafiyin da ya wuce ya ɗauka. Haka na tarar da aka kawo ni gidan.

Uwar mijina ce ta faɗa mini dalili, muna sussuka. Ta ce da Nasara masu awon ƙasa suka zo da sarƙarsu da abin hangensu mai ƙafa uku, sai suka nemi wanda ya san rijiyoyi. Aka nuna musu surukinta, kakan maigidana. A ƙasa ya tafi, da gorar ruwa a kafaɗa. Cikin 'yan dakonsu akwai wani mutumin kudu da ba ya jin Hausa. Zazzaɓi ya kayar da shi a gonar nan, ayari ya wuce ya bar shi. Tsohon ya dawo ya yi jinyarsa har ya cika. Ya ji yana kalmar shahada, saboda haka ya yi masa wanka da salla, ya binne shi a gindin gawon. Ba a san sunansa ba balle danginsa. Tsohon ya ce wanda ba shi da mai yi masa sadaka, gonar da ya kwanta a cikinta ta yi masa.

Na riƙe wannan kamar yadda aka ba ni. Amma magana idan ta daɗe a bakin maza, ƙiba take yi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, idan ya zauna da baƙi sai ya ɗora kakansa a kan doki, kafaɗa da kafaɗa da Bature, har shi ne ya nuna inda za a kafa turken. Ina jinsa ta bayan danga. Da dare na ce masa, "Malam, a wace kasuwa aka sayi dokin nan?" Ya ce, "Ke dai ba kya barin zance ya yi daɗi." Ɗan dakon kuwa ya faɗi daga labarin kamar yadda ya faɗi daga ayari. Da maƙwabta suka ga dami ba su ga dalili ba, sai suka samo nasu: wai aljani ke zaune a gawon, shi muke ciyarwa.

Shekarun da aka kawo shari'a, gonar ta riga ta koma hannun ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa. Aka yi girbi, na zuba ido. Na ga dami na farko ya nufi rumbu tare da sauran.

Na ce, "Kai, wancan ba nan zai shiga ba."

Ya durƙusa ya ce, "Inna, a masallaci ana nuna ni da baki. Ana cewa gidanmu ana yi wa iska hidima. Zakka zan fitar cif, wannan kuwa a bar shi."

"Wa ya ce maka na iska ne?"

"Kowa ya sani. Kuma Baba cewa ya yi kakansa jagoran Nasara ne. Wannan ma ba abin tunawa ba ne yanzu."

Wato dokin da uban ya yi ado da shi, shi ne ya zame wa ɗan abin kunya. Na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga gorar ruwa har kabari. Ya saurara da ladabi, amma na san fuskarsa. Gani yake tsohuwa ce ke gyara zance.

Ban ƙara ba. Da hantsi, lokacin da hanya ta cika da masu zuwa kasuwa, na naɗa gammo na sa aka ɗora mini damin. Wuyana ya ce bai yarda ba, na ce ba a tambaye shi ba. Na bi ta ƙofar masallaci da gangan. Wani dattijo, abokin wasana, ya ce, "Hajiya, aljanin ne ya aiko a kai masa da wuri?" Na ce, "Mamaci ne, baƙo, Musulmi. In kana da Fatiha biyo ni, in ba ka da ita matsa mini."

Ban kai bakin gari ba na ji an ɗage kayan daga kaina. Ɗana ne. Ya ɗora damin a kansa ya nufi gona. Dattijon nan da wasu suka biyo mu. A gindin gawon na nuna musu inda ƙasa ta ɗan lotsa, inda ba a taɓa sa garma ba tun da nake. Ɗana ya daɗe yana kallon wurin, shi da ya yi ta kewaye shi da shanu bai taɓa tambaya ba. Ya jingine damin, ya ɗaga hannu, aka shafa. Kafin mu juya, wata mata mai jaki daga tsallake ta tsaya ta tambaya ko na sayarwa ne. Ya ce mata, "Sadaka ce, Iya. Ki yi wa mai ita addu'a."

Har yau shi ke kaiwa. Sai dai kwanan baya na ji jikokina suna ba wa 'yan uwansu labari a zaure, wai kakarsu ta taɓa ɗaukar dami uku a ka, ta kori mazan gari da sanda. Na ɗaga labule na ce, "Ɗaya ne, kuma ban kai shi ba. Ku sake daga farko, ku fara da mutumin da ke kwance."