Ranar da na ƙi cewa ƙurunƙus

Shekarun baya, a unguwarmu a Argungu ba a kirana da sunana. Ƙurunƙus ake ce mini. Ban yi boko ba, amma in na zauna tatsuniya har manya kan raɓo jikin danga su saurara, kuma ban taɓa tashi na bar labari a buɗe ba. Hakan ya bi ni har cikin gida. In 'ya'yana sunka yi gardama, ni ke rufe ta, ba mai ƙara ko tari.

To akwai jikata, ɗiyar babban ɗana, wadda ta karanta littattafan Turawa a jami'a. Wani hutu ta zo ta iske ni ina shanyar shinkafar da na turara, ta zauna bakin tabarma da littafi, tana karantawa tana juya mini da Hausa. Labarin wata mata ce da ta tsaya bakin kogi, jirgi na jiranta, gida na bayanta. Na bar korar kaji na kasa kunne. Sai yarinya ta rufe littafi.

Na ce, "Sai mi?"

Ta ce, "Shi ke nan, Kaka. Mai littafin ya ce ya sake ta. Ba shi da ikon zaɓa mata."

Na ce, "Wanga dai raggo ne! Ya tara mutane ya gudu. Ba shi ya ƙirƙire ta ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Tsohuwa, da gangan suke yi. Sun ce mai labari ba sarki ba ne. Ko mutumin cikin labari yana da 'yancinsa."

Na ce su zo Argungu in koya musu aiki.

Ba a daɗe ba maganar ita jikar tawa ta taso. Ubanta ya samo mata aikin gwamnati a Birnin Kebbi, kusa da gida. Ita kuma an ba ta gurbin ƙaro karatu can kudu, inda ko tuwon shinkafa ba su iya ba. Sunka kasa daidaitawa, ya kawo ta gabana bayan la'asar, baffanninta duk suna zaune.

Ya ce, "Inna, ki rufe mana maganar nan. Abin da kika ce shi za a yi."

Ni kuwa Birnin Kebbi nake so. Wa zai riƙa zuwa yana tsokanata? Maganar ta zo har bakina. Na dube ta, kanta ƙasa, tana murza bakin mayafi, ko gardama ba ta shirya yi ba don ta san halina. Wallahi matar bakin kogin nan na gani zaune a tsakar gidana.

Na ce, "Ban rufewa."

Ɗana ya ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ke ƙawata, ɗaga kanki. Ga jirgi, ga gida. Wanne?"

Ta ɗaga kanta. Ta ce kudu. Ubanta ya dube ni ko zan gyara, ni kuwa na tashi na hau kwashe shinkafata don kada su ga idona.

Na yi kewarta, ban ɓoye ba. Amma yau ita ke koyar da littattafan nan a jami'a, kuma in ana lissafin abin da na yi a duniya, wannan shirun nawa nake so a fara ambata. Tatsuniya har gobe ina rufe ta, raggon Baturen nan bai canza ni ba. Mutanen cikinta nawa ne. Jikata kuwa ba ni na ƙirƙire ta ba.

Ita ce ma ke rubuta wannan da nake faɗa. Yanzu ta ɗago tana murmushi, wai, "Kaka, in sa ƙurunƙus?"

Na ce ta ajiye alƙalami, ta bar shi haka.