Muryar Wendell a jarrabawar Marlys

Marlys Hoekstra ta shekara talatin da ɗaya a ofishin ƙungiyar manoman garinmu, nan jihar Iowa ta Amurka, a tebur ɗaya, kusa da tagar da motocin masara ke tsayawa a auna su. Ta san gonar kowa, ta san wanda zai yi gardama a kan sikeli tun bai sauko daga mota ba. Ba ta da yawan fara'a, amma in ta ce maka takinka zai iso Talata, to ka fito da motarka Talata. Ni ta san ni tun ina da majina a hanci, don ita ta koya mana waƙa a coci, kuma kunnena na hagu ya sha ja a hannunta.

Da ƙungiyar ta haɗe da wata babba, sababbin shugabanni suka ce duk mai riƙe da ofis ya kawo takardar shaidar karatun kasuwanci kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba a mayar da shi ma'aikacin rabin rana. Mai rabin rana kuwa ba shi da inshorar lafiya, daga shi har iyalinsa. Marlys na da shekara hamsin da tara lokacin. Ba ta roƙi kowa ba. Ta yi rajista a kwalejin gunduma, karatu ta intanet, ta cinye kwas biyar ɗaya bayan ɗaya. Saura na ƙarshe, dokar kasuwanci, wanda ni nake koyarwa.

Sunana Curtis, lauya ne ni na ƙaramin gari, mai rubuta wasiyya da takardun gona. Koyarwar ta gefe ce. Nakan ɗauki darasi a bidiyo in ɗora, ɗalibai su kalla sa'ad da suka samu sarari. Jarrabawa ma a gida ake yi, sai dai kyamarar kwamfuta na kunne, wata manhaja tana sa ido. In ɗalibi ya cika waige-waige, ko ta ji wata murya a ɗakin, sai ta sa jar alama ta turo wa malami.

Jarrabawar Marlys ta zo da jar alama goma sha bakwai.

Na buɗe bidiyon. Ga ta zaune a kicin, tana rubutu tana waigen hagu. A tambaya ta huɗu sai na ji namiji ya ce, tar da shi, "Ba ciniki sai da abu uku: tayi, da sallamawa, da abin da kowa ya bayar." Can kuma ya ce, "Kayan da suka kai dala ɗari biyar, sai da rubutu." Ba wanda bai san wannan murya ba a gundumarmu. Mijinta ne, Wendell, wanda ya shekara arba'in yana gwanjon shanu kafin ya ajiye aiki shekara biyu da suka wuce, wai gwiwa ta dame shi. Na ji Marlys ta ce ƙasa-ƙasa, "Wendell, don Allah yi shiru."

Raina ya ɓaci, amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan daɗi na ji. Yau ga mai jan kunne an kama ta da satar amsa! Ƙa'idar kwaleji ta ce malami na iya tuntuɓar ɗalibi tukuna in ya so. Gidanta minti shida ne daga ofishina, lambar wayarta kuma a kaina take. Ban kira ba. Na danna maɓallin da ke tura ƙara ga kwamitin ladabtarwa, na tafi cin abincin rana.

Kwamiti ya aika mata da wasiƙa uku, ba ta amsa ko ɗaya ba. Wanda bai zo ya kare kansa ba kuwa, an ɗauka ya amsa laifi, sifili ne, takarda ta tafi ke nan. Shirun nata ya fara cin raina. Ranar Asabar da hantsi, saura kwana biyu kwamiti ya zauna, na je gidan.

Tun daga baranda na ji muryata tana tashi a ciki. Marlys ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Lauya da kansa. Shigo mana, tunda ka riga ka ga kicin ɗina a bidiyo."

Wendell na zaune a tebur, an ɗaura masa tawul a wuya, ga kwanon miya a gabansa, ga kwamfuta tana karanto darasina na mako na uku. Yana bin maganar da baki, kalma bayan kalma. Da ya gan ni ya miƙo hannu da murna, ya kira ni da sunan babana wanda ya rasu shekara tara, ya tambaye ni ko na sayar da bijimin nan.

Na rasa inda zan sa idona.

"Mantuwa ce, likita ya tabbatar," in ji Marlys, tana goge masa baki. "Ba ya zama wuri ɗaya sai in ya ji ana maganar ciniki. Surutun nan naka ne kaɗai ke zaunar da shi. Ya haddace ka kaf, ni kuwa da ƙyar nake riƙe rabi."

"Misis Hoekstra, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka tambaya ne?"

Na haɗiye wannan. Na ce abin mai sauƙi ne, ta kawo takardar likita ranar Litinin, shi ke nan.

"Su wa ke kwamitin?"

Na lissafa mata su biyar, na ƙare da Joyce Tjaden ta ɗakin karatu.

"Joyce! In ta ji da safe, kafin a sauke abincin rana har kajin garin nan sun ji. Saurara, Curtis. Daga ni sai 'yarmu sai likitan muka sani, shi ma a wani gari na nemo shi. Ranar Lahadi a coci mutane na tashi su ba Wendell hannu, suna neman shawararsa kan maraƙi. Abin da ya rage masa ke nan. Ba zan sayar da shi don takarda ba."

"Inshorar fa? Maganinsa fa?"

"Wannan ciwon kaina ne, ba naka ba. Ka yi mini alkawari ba za ka buɗe baki ba."

Na yi mata alkawari, har da ba ta hannu.

Ranar Litinin na ce wa kwamiti na janye ƙarata. Shugaban ya ce ba a janyewa haka kawai, bidiyo na nan, kowa ya ji muryar, sai in da dalili. Mutum biyar suka zuba mini ido. Sai na faɗa musu komai, har da tawul ɗin. Na daɗe ina gaya wa kaina don ita na yi. Ba gaskiya ba ne. Na kasa jure a ce ni ne na raba Marlys Hoekstra da teburinta, sai na wanke kaina da asirin mijinta.

Aka wanke ta. Ta ci kwas ɗin da maki mai kyau, ta kai takardarta, har yau tana nan kusa da tagarta. Ba ta kira ni ba, ni ma ban iya kiranta ba.

Mako uku bayan haka aka yi bikin kaka a cocinmu, inda mata ke kawo kek a yi gwanjonsa don gyaran rufi. Shekara da shekaru Wendell ke kiran wannan gwanjo, ko bayan ya bar na shanu, kuma bakinsa bai taɓa tuntuɓe a kai ba. Ya zo da farar hularsa da sandarsa, ya zauna a layin gaba. Mutane suka riƙa zuwa suna dafa kafaɗarsa, suna yi masa magana da ƙarfi, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Wata ma ta gyara masa kwalar riga. Sai fasto ya miƙa lasifika ga wani mai sayar da taraktoci, ya ce bana a bar Wendell ya huta.

Ina layi na biyu, daidai bayansu. An sayar da kek na farko, an sayar da na biyu. Wendell ya juyo ya kama hannun rigata.

"Kai, yaushe za su kira ni? Mutumin nan ɓata kaya yake yi."

Na dubi Marlys. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ba shi amsa mana, Lauya," ta ce. "Ai kai ka iya bayani."